Takalman Yirleza

Ɗakina yana ƙarƙashin bene,
inda masu rawa a kan yatsu ke yi mini aradu a ka.
Shekara ashirin da shida ina nan a Cali,
allura a baki, tef ɗin awo a wuya,
na san ƙugun kowace yarinya fiye da uwarta.

Kwalin takalma ya iso ranar Talata.
Na yanke igiya, na ɗaga murfi:
guda arba'in, duka ruwan hoda,
kamar cikin kunnen zomo.
A gefe an buga "launin fata."
Fatar wa? Kwali ba ya amsa tambaya.

Yirleza ta sauko a makare, kamar kullum,
'yar Quibdó, garin da ruwan sama ba ya hutu.
Shekararta sha biyar, ga wuya, ga tsayi,
fata kamar gahawar da ba ta ga madara ba.
Ta sa takalmin ta tsaya gaban madubi,
sai ƙafar ta yanke a idon sawu,
sama tata, ƙasa ta wata.

Ovidio mai kwalliya gwangwanin hoda sha biyu gare shi.
Na ƙirga. Tara na masu haske ne,
biyu tsaka-tsaki, ɗaya ya bushe tun bara.
In ya zo kanta sai ya ɗaga kafaɗa,
ya shafa abin da ya samu,
ta hau dandamali kamar an yi mata wanka da toka.
Ba mugu ba ne. Haka aka koya masa:
a rage hanci, a ja ido,
a danne gashi da man da ke ƙona ƙeya,
har 'yan mata ashirin su zama mutum ɗaya.

Malama Amparo takan ce, "Layi nake so, layi!
Kada idon ɗan kallo ya yi tuntuɓe."
Nakan yi shiru, albashina a hannunta yake.

Daren Laraba muka zauna ni da yarinyar,
ƙofa a rufe, rediyo yana raɗa.
Ta fito da kwalbar hodar ruwa
da ta saya da kuɗin motarta na mako,
ni na kawo soso da tsohuwar jarida.
Muka dinga dangwalawa kaɗan-kaɗan,
kada yadin ya jiƙe ya saki.
Sai a shafi na uku
hodar ruwa ta cinye ruwan hoda.
Igiyoyin ma muka bi su ɗaya bayan ɗaya.
Yatsuna suka koma launinta,
ta yi dariya: "Hermelinda, yau kin zama 'yar gida."

Ƙafa biyu, awa biyu.
Kwana goma takalmin ya mutu, a sake sabo.
Sauran suna barci a wannan lokaci,
darasin nan ba ya cikin jadawali.

Ranar wasa na leƙa ta bayan labule,
zare a hannu ko da maɓalli zai tsinke.
Fitila ta sauka a kanta.
Daga ɗan yatsa har goshi babu inda ta yanke,
doguwa guda, kamar kogin Atrato da daddare.
Amparo na gefena, hannu a ƙirji.
"Kin ga layi?" in ji ta. "Kin ga abin da nake faɗa?"
Ban tanka ba.

Da safe na tarar da Ovidio a bakin ƙofata,
yana juya kwalbar da ta kusa ƙarewa,
yana neman lambar da ke gindinta.
Ya kwafe ta a tafin hannu da fensirin gira,
ya haye bene, ko gaisuwa babu.

Ni kuwa na ɗauko takardar oda.
Gurbin launi an riga an cike shi da inji.
Na soke, na rubuta da hannuna.
Ko za su aiko, oho.
Soson dai na ajiye shi a aljihun tebur,
don a Oktoba akwai wata ƙarama
da za ta zo daga Tumaco.